Allon da Ba Kai Ka Rubuta Ba

Wurin karatu: Fitowa 31:1-11; Matiyu 25:14-30



Akwai wata tambaya da ke yawan dawowa a zumuntarmu a 'yan shekarun nan, kuma masu baiwar hannu ko ta murya ne suka fi yin ta: masu kiɗa, masu zane, masu ɗaukar hoto, masu ɗinki. Ba a cikin taro ake yin ta ba. Sai an tashi daga sujada, jama'a sun watse, wani ya matso ya ce, "Baba Fasto, in na ajiye wannan sana'a na kama kasuwanci, ban zama kamar bawan nan da ya binne talantinsa ba?" Sau da yawa mai tambayar ya riga ya yanke shawara, ko ya kusa. Abin da ke hana shi barci shi ne ko Allah zai yi fushi da shi.

Ba abin mamaki ba ne tambayar ta yi ƙarfi a nan Kalambaina. Siminti ne ya raini wannan wuri. An kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, ya fara aiki a 1967, saboda farar ƙasar da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin wannan yanki. A watan Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe sabuwar masana'antar BUA mai iya fitar da tan miliyan 1.5 a shekara. A watan Janairun 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe wata mai tan miliyan 3. Duk wanda ke bin titin Kalambaina ya san abin da waɗannan lambobi ke nufi a ƙasa: tireloli a jere, direbobi, 'yan dako, masu abinci, masu POS, dillalai manya da ƙanana. Matashin da ya kwana yana haɗa waƙa a ɗaki, ya fito da safe ba ko kuɗin keke a aljihunsa, sannan ya ga abokinsa na makaranta ya sayar da siminti mota guda kafin azahar, dole zuciyarsa ta fara yi masa lissafi.

Bari in ba ku labarin wani ɗan'uwa, da izininsa, ba tare da ambaton sunansa ba. Mai rubutun allo ne. Ya koyi aikin a hannun wani maigida a cikin garin Sakkwato tun yana yaro, ya yi shekara goma sha biyu yana rubuta allunan makarantu da na kemis, yana zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. A majami'a kuma shi ne mai buga piyano. Sai injinan buga bana suka shigo. Aikin da yakan yi kwana uku a kansa, inji ya fitar da shi cikin awa ɗaya, a kan kuɗin da ba zai sayi fentinsa ba ma. A 2020 annobar korona ta tsayar da bukukuwan aure, inda yake ɗan samu da zanen hoton ango da amarya. A 2023 aka cire tallafin man fetur, komai ya tashi. Yana da mata da 'ya'ya biyu, ga mahaifiya a Zuru tana jiran aike kowane wata.

A cikin wannan hali ya ji wani kamfanin fenti yana neman wanda zai buɗe shago da sunansa a wannan ɓangare, tun da duk inda ake sayen siminti akwai mai neman fenti. Ya kwashi adashinsa, ya sayar da babur, kawunsa ya ranta masa sauran. Sharuɗɗan da aka ba shi suna da yawa. Za a shafa wa shagon launin kamfani. Farashi kamfani ne ke yankewa. Ba zai ajiye fentin wani kamfani ba. Haɗa launi da lamba ake yi, ba da ido ba. Kowane wata zai aika da rahoton ciniki, kuma mai dubawa zai iya shigowa ba sanarwa. Duk waɗannan ya haɗiye su. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne allon shagon, wanda aka bugo daga Legas aka aiko masa a naɗe. Ya ce mini, "Baba, shekara goma sha biyu ina rubuta wa mutane allo, ga nawa ya zo, ko harafi ɗaya ba nawa ba ne."

Wannan irin kasuwanci Turawa suna kiransa faranchayis. A taƙaice, aron suna ne da tsari. Mai suna ya riga ya gina amincewa a zukatan mutane, sai ya ba ka izinin amfani da sunansa da kayansa da hanyar aikinsa, na wasu shekaru, a wani yanki. Kai kuma ka kawo jari da wuri da ƙarfinka, ka biya kuɗin shiga, sau da yawa kuma ka riƙa ba shi wani kaso daga ciniki. Mun daɗe da zama da shi ko da ba mu san sunansa ba. Kamfanin da ke cika lemon Coca-Cola a kwalba a Najeriya tun 1951 yake, kuma da izinin masu sunan da ke Amurka yake aiki. Gidan abinci na Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Legas a 1986, ta wannan hanya ya yaɗu zuwa garuruwa da dama. Gidajen mai da yawa da kuke gani da tambarin manyan kamfanoni, wani ɗan kasuwa ne ke riƙe da su bisa yarjejeniya. Kakanninmu ma sun san ɗan'uwansa: maigida ya ba yaronsa kaya ya tafi fatauci, duk kasuwar da ya sauka da sunan maigida ake karɓarsa, da sunan maigida ake ba shi bashi.

Shahararren mai wannan kasuwanci a duniya ma makaɗi ne tun farko. Ray Kroc ya yi ƙuruciyarsa yana buga piyano a ƙungiyoyin kiɗa da gidan rediyo a Amurka. Da kiɗa bai riƙe gida ba, ya koma tallar kofunan takarda, daga nan ya koma sayar da injin kaɗa madara. A 1954 ya ga shagon abinci na wasu 'yan'uwa biyu masu suna McDonald a jihar Kalifoniya, a 1955 ya buɗe nasa da sunansu yana da shekara 52. A 1961 ya saye kamfanin daga hannunsu a kan dala miliyan 2.7, har ta kai 'yan'uwan nan sun canza wa shagonsu na asali suna, domin sunan gidansu ya zama mallakar wani. Ban kawo wannan labari don ku yi sha'awar dukiyarsa ba. Na kawo shi don ku ga cewa a wannan harka suna kaya ne mai tsada, kuma wanda takarda ta ba shi ne mai shi.

To, me Littafi Mai Tsarki zai ce wa mai baiwar da ya sami kansa a ƙarƙashin allon da ba shi ya rubuta ba?

Mu fara da misalin talanti, tun da shi ne ke tsorata ku. Ku koma Matiyu 25 ku karanta a hankali. Talanti a wancan zamani ma'aunin kuɗi ne, kuɗi mai yawan gaske. Maigida zai yi tafiya, ya raba wa bayinsa uku dukiyarsa, ɗaya biyar, ɗaya biyu, ɗaya guda. Biyun da aka yaba musu, me suka yi? Kasuwanci suka yi, da jarin da ba nasu ba, da sanin cewa ranar lissafi tana zuwa. Na ukun tsoro ne ya kama shi, ya tona rami, ya zauna. Laifinsa zaman banza ne da mugun zato ga maigidansa. Saboda haka misalin da kuke jin yana hukunta ku don kun shiga kasuwa, shi kansa labarin masu juya dukiyar wani ne da aminci. Mutumin da ya zauna shekara biyar yana jiran aikin zane da ba ya zuwa, yana cin bashi, 'ya'yansa suna gida don ba kuɗin makaranta, ya kamata ya tambayi kansa wanne daga cikin bayin nan uku ya fi kama da shi.

Sai Bezalel. Tun ina kwalejin tauhidi nake mamakin yadda ba a cika wa'azi a kansa ba. Ɗan Uri ne, jikan Hur, daga kabilar Yahuza. Fitowa 31 ta nuna mana Allah ya kira shi da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu masu daraja, da sassaƙar itace, ya kuma haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan. Da wuya a sami mai fasaha a cikin Littafi Mai Tsarki da aka yi wa shaida irin wannan. Amma ku duba aikin da aka ba shi. Fasalin alfarwa ta sujada, Musa aka nuna wa a kan dutse. Akwatin alkawari an riga an faɗi awonsa: tsawo kamu biyu da rabi, faɗi kamu ɗaya da rabi, tsayi kamu ɗaya da rabi. Labule goma ne, kowanne kamu 28 a tsawo, kamu 4 a faɗi. Launuka ma an zaɓa: shuɗi da shunayya da mulufi. Bezalel ba shi da ikon cewa shi dai kore ya fi burge shi.

Har lissafi aka yi. A Fitowa 38 an rubuta nauyin kayan da aka yi amfani da su, a ƙarƙashin kulawar Itamar ɗan Haruna: zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775, tagulla talanti 70 da shekel 2,400. Da aka gama, Musa ya zo ya duba aikin ɗaya bayan ɗaya, ya ga ya yi daidai da umarni, sannan ya sa musu albarka. Awo na wani, launi na wani, littafin lissafi, da mai dubawa. A cikin wannan ƙunci ne mutumin da Ruhun Allah ya cika ya yi aikin rayuwarsa. Awon bai kashe baiwarsa ba. An faɗa masa kerubobi biyu za a yi da fikafikai a buɗe, amma hannun da ya buga zinariyar har ta zama fiffike nasa ne.

Kada wani ya ce Fasto ya daidaita kamfanin fenti da Allah. Tsarin Allah cikakke ne, tsarin kamfani kuwa na mutane ne masu neman riba. Abin da nake so ku gani shi ne, zamaninmu ya koya wa masu fasaha cewa baiwa ba ta cika sai mutum ya zama shi ne mai suna, shi ne a kan allo, shi ake tafa wa. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Baiwa daga Allah take, sana'a kuwa tukunya ce da ake zuba ta. Tukunya tana fashewa, inji yana iya zuwa ya kore ta daga kasuwa, amma abin da ke ciki ba inji ne ya ba ka ba. Manzo Bulus, mai ilimin da ya rubuta wasiƙu masu zurfi, ya zauna a Koranti yana ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu, ran Asabar kuma ya shiga majami'a ya yi koyarwa. Bai ɗauki allura da fata a matsayin faɗuwa daga kiransa ba.

Duk da haka akwai rashi, kuma ba daidai ba ne mu ɓoye shi. Ɗan'uwan nan ya gaya mini akwai ranakun da yakan zauna yana ƙirga bokitai, ya dubi hannunsa ya ga ba ɗigon fenti ko ɗaya, sai ya ji kamar hannun wani ne. Hannun mai zane in ya daɗe bai riƙe buroshi ba yana nauyi. Wanda ya saba fara abu daga farar takarda, in aka mayar da shi mai cike fom, akwai abin da ke ciwo a cikinsa. Wannan baƙin ciki ba rashin bangaskiya ba ne. Ya halatta ka kawo shi gaban Allah yadda yake, kamar yadda masu Zabura suka kawo nasu. Na dai roƙe shi abu ɗaya, ya keɓe wa buroshi yamma ɗaya a mako, ko da ba wanda zai biya.

Bayan wata shida na lura da wani abu a shagonsa. Mutane suna wuce wasu shaguna su zo wurinsa, alhali fenti ɗaya ne, farashi ɗaya. Dalili shi ne idonsa. Mai gida ya zo ya nuna launi a takarda, shi kuma ya ce masa, "Alhaji, wannan a takarda yana da kyau, amma ranar Sakkwato za ta cinye shi, ƙurar hunturu kuma za ta nuna a kansa. Ɗakin gabas yake kallo ko yamma?" Lambar haɗa launi kamfani ne ya bayar, amma sanin wace lamba ce za ta dace da bangon da ke shan rana tun hantsi, wannan shekara goma sha biyu ne na tsayuwa a kan tsani. Yanzu haka yana koya wa yara uku shafe da rubutu a bayan shagon. Fitowa 35 ta ce an ba Bezalel da Oholiyab baiwar koya wa wasu ma. In kiɗa ya canza rawa takan canza, amma mai rawar yana nan.

Inda nake so ku yi hattara sosai shi ne sunan da za ku ara. Wata 'yar'uwa mai ɗaukar hoto da wani ɗan'uwa mai ganga, kowanne a lokacinsa, an yi musu tayin buɗe shagon cacar wasan ƙwallo. A ido tayin yana da daɗi: jari kaɗan, ɗaki ɗaya, talabijin da na'urar buga tikiti, kamasho kowane mako. Amma ku bi kuɗin zuwa tushensa. Ribar shagon caca asarar 'ya'yan maƙwabta ce. Kuɗin makaranta ne, kuɗin cefane ne, albashin ɗan dako ne da ya wuni yana ɗaukar buhu mai kilo 50 a ka. Ba zai yiwu ka bi da matasa cikin yabo ran Lahadi, ran Litinin ka zauna kana karɓar abin da zai jefa su cikin bashi ba. Tambayar ba addinin mai kamfani ba ce. Yusufu ya yi wa Fotifar da Fir'auna aiki, Daniyel ya yi wa sarakunan Babila, mu ma a nan muna da iyayen gida da abokan ciniki Musulmi masu riƙon amana da za mu koya daga gare su. Tambayar ita ce, abin da ke fita daga shagonka, gina mutum yake yi ko rushe shi?

Ko kasuwancin halal ne, kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka sa hannu, ka kai takardar wurin lauya ko wani dattijo ɗan kasuwa ya karanta maka. Shekara nawa yarjejeniyar za ta yi? In ka ga ba riba kana so ka fita, me za ka rasa? Kayan da suka lalace ko suka daɗe ba a saya ba, wa zai ɗauki asararsu? Za su iya ba wani izinin buɗe irin shagonka a tsallaken titi? Dole ne ka buɗe ran Lahadi? Abin da aka faɗa maka da baki, a rubuta shi. Kada ka jinginar da gonar gado ko gidan iyaye, kuma kada ka sa hannu matarka ko mijinki ba su sani ba. Ka tuna kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da yarjejeniya ta ƙare za a sauke allon, abin da zai rage maka shi ne shaidar da mutane suka yi wa halinka.

Wannan shaida kuwa kullum ake gwada ta. Akwai masu sirka fenti da ruwa, akwai masu zuba mai arha a bokitin mai tsada, kamar yadda ake samun masu rage siminti a buhu su sake ɗinkewa. Akwai ɗan kwangilar da zai ce ka rubuta masa rasit na bokiti arba'in alhali ashirin ya ɗauka, in ka ƙi ya tafi wani wuri. Ɗan'uwanmu ya rasa irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya, a watan da kuɗin haya ke jiransa. Mai algus a shagon aro yana ɓata suna biyu. Na farko na kamfani. Na biyu shi ne wanda aka fara kiran almajirai da shi a Antakiya, wanda ni da ku muke ɗauke da shi. A wurin da muke kaɗan kamar nan, maƙwabcinka ba lallai ya taɓa shiga majami'a ba, amma zai shiga shagonka, kuma daga mudunka zai yanke hukunci a kan Almasihu.

Akwai magana ga dattawa da shugabanni ma. A Nehemiya 13, Nehemiya ya dawo Urushalima ya tarar Lawiyawa da mawaƙa sun bar Haikali, kowa ya koma gonarsa, don ba a ba su rabonsu ba. Bai tsawata wa mawaƙan ba, shugabanni ya tsawata wa. Ikilisiyoyi da yawa suna biyan mai walda da mai wayarin lantarki ba gardama, amma in aka zo kan mai zane ko mai kiɗa sai a ce aikin Ubangiji ne, Allah zai saka. Hidimar da mutum ya bayar da yardar ransa abu ne mai kyau. Amma in sana'arsa ce aka nema, a biya shi. Wanda kuma ya koma kasuwa don ya riƙe iyalinsa, kada a riƙa kallonsa kamar ya ja da baya. A je a yi masa addu'ar buɗe shago, a saya a wurinsa, a kuma biya bashi a kan lokaci.

Wasunku Allah zai riƙe ku a cikin fasaha har tsufa, ku ci abinci da ita. Ku gode masa, ku yi ta da kyau. Wasunku za ku tsaya a bayan kanta, a ƙarƙashin allon da wani ya buga, kuna bin awon da wani ya yanke. Ku ma kuna cikin hidima. Abin da 1 Korantiyawa 4 ke nema ga wakili shi ne a same shi da aminci, kuma wannan ma'auni ɗaya ne ga mai buroshi da mai littafin lissafi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne mai ba da baiwa, kai ne kuma mai ba da abinci. Ka dubi 'ya'yanka da ke tsakanin sana'ar da suke ƙauna da nauyin da ke kansu. Ka ba su hikima kafin su sa hannu, ka tsare su daga ribar da ke cin maƙwabci, ka ta'azantar da masu kewar aikin hannunsu. Ka sa mudunmu ya cika, rasit ɗinmu ya zama gaskiya, domin kada a zagi sunanka saboda mu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.